Jinjina ga Malam Alim, mai dafa sitaci a ɗakin gwajin jini

Shekara talatin da ɗaya Malam Alim yana fita daga unguwarmu ta Briketeri bayan asuba, a ƙafa, zuwa ɗakin gwajin jini na wani asibiti. Mu 'yan unguwa mun ɗauka kwalabe yake wankewa. Ni ma haka na zata, sai da 'yata Afra'u ta kwanta.

Lokacin an zaftare albashi sau biyu, an karya darajar kuɗinmu sefa, garin sitacin da ake kawowa daga Turai don gwajin sikila ya daina zuwa. Shugaban sashen ya ce a rufe ɗakin. Alim ya ƙi. Ya sayo dankalin Turawa a kasuwar Mokolo, matarsa Aisatu ta goga, ya tace sitacin, ya yi ta dafawa yana zubarwa har ya samu wanda ya daskare daidai.

Afra'u na kukan ƙashi, dangi na cewa mayu ne. Na kai masa jininta, ya ɗiga a bakin sitacin, ya kunna wutar lantarki.

"Alhaji, zauna," ya ce. "Cikin jini akwai dogayen zarurruka a dunƙule. Sitacin nan duk 'yan ƙananan ramuka ne cike da ruwa, wuta ke jan su suna kutsawa. Na sikila baya yake tsayawa. In na ƙara wuta don saurinka, sitacin narkewa zai yi."

Awa biyar muka zauna. Na Afra'u ya tsaya a baya. Daga ranar ta fara samun maganin da ya dace, yau ita ke ɗinka kayan sallar unguwa.

Malam Alim, kai ne ka ƙi rufe ƙofa ran da manya suka watse. Amma shugaban nan ya rubuta dabararka da sunansa, ya hau jirgi ya karɓo tafi da yabo. Kai kuwa sinadari ya cinye maka fatar yatsu. Wannan yana ci mini rai har gobe.

Watan jiya Malam Alim ya yi ritaya. Da ya koma gaida abokan aiki, mai gadi bai gane shi ba, ya tare shi: "Baba, ranar ziyara Alhamis ce."

Mun gode, Malam, Allah Ya saka. Matasa, ku koyi riƙon aikinsa. Ku manya kuma, ku ji kunya.