Finjalin da Na Ajiye a Gaban Arɗo Buba

Duk mantuwar da tsufa ya fara kawo mini, ban taɓa mantawa da ranar da na ajiye finjalin shayi ban sha ba. Tunda ku yaran dillalai kun mai da butata mai ɗaci abin tsokana, har kuna kiranta butar masu laifi, yau ku zauna ku ji asalinta.

Ni Sabo, dillancin shanu gadonsa na yi wurin mahaifina, kuma a gidanmu na unguwar Diguel aka haife ni. Ga wanda bai san sana'ar ba, aikin dillali ya wuce haɗa mai saye da mai sayarwa. Makiyayi ya koro shanunsa daga daji, bai san kowa a birni ba sai kai. Kai ne masaukinsa, kai ne bakinsa wurin tayi, kai ne kuma shaida ta ɓangare biyu. Mai saye ya dogara da kai cewa dabbar ba ta sata ba ce, mai dabba ya dogara da kai cewa mai sayen mutum ne mai magana ɗaya. A samanmu akwai Sarkin Dillalai, shi ke raba gardama. Mahauta su ma suna da nasu Sarkin Fawa.

A ɓangarenmu na kasuwa, ko mai shanu ya ce ya sallama, ba a kwance igiya sai an sha shayi. Mutum uku ke sha daga buta ɗaya: mai dabba, mai saye da dillali. Dalili shi ne dillali ba ya kushe mai saye a gaban idonsa, wannan rashin ta-ido ne. In akwai abin da bai kwanta masa ba game da mutumin, sai ya karɓi finjalinsa ya ajiye bai sha ba. Mai shanu na gani zai nemi uzuri ya janye, ba zagi ba faɗa. A iya sanina mahaifina sau biyu kawai ya yi haka, kuma duka biyun daga baya gaskiyarsa ta fito.

Ciwon ya fara mini a wata bazara. Ƙishirwa ba dare ba rana, fitsari kamar an buɗe famfo, wandona yana zamewa daga ƙugu. Na ɗora wa zafi laifi, har ranar da na hangi tsohuwar saniya na ɗauka karsana ce. Matata Rabi ta tasa ni gaba sai wani ƙaramin asibiti na unguwarmu. Ma'aikaciyar jinyar ta soki yatsata, ta ɗiga jinin a wata 'yar na'ura, ta duba, ta sake dubana.

“Baba, finjali nawa kake sha a rana?”

“Gwargwadon ciniki, 'yata. In kasuwa ta yi kyau ba na ƙirgawa.”

Ba ta yi dariya ba. Bayan an sake gwaji likita ya tabbatar ciwon suga ne, ya rubuta mini ƙwayoyi. Ita kuma ta zaunar da ni ta yi mini dalla-dalla. Shayi mai zaƙi ya ƙare. Tuwo kada ya wuce dunƙulen hannuna, miya da ganye da wake su fi shi yawa a kwano. Tafiya a ƙasa kullum, in duba ƙafafuna kafin in kwanta, in riƙa yawo da dabino biyu ko uku a aljihu ko da sugan zai faɗi in ji jiri da karkarwa.

Na fito ina jin tsoro, kuma ba tsoron mutuwa ba ne. Dillali da ido da ƙafa yake ci. A kasuwa da an ce wane yana da suga, sai a fara yi masa kallon wanda za a yanke wa ƙafa gobe, abokan sana'a su fara zagayen baƙinsa. Na ce wa Rabi ko 'ya'yanmu kada su ji. A gida na bi doka, a kasuwa kuma na koyi dabara. In kai finjali baki, in jiƙa leɓe, da hankali ya ɗauke in tuttular a yashi bayan tabarma. In an tsare ni da ido sai in shanye, in ce Allah na nan.

Haka na yi ta yi har igiyar wani bijimi ta goge mini babban yatsan ƙafa. Ɗan rauni ne da a da ko kallonsa ba zan yi ba, amma ya yi mako uku ya ƙi kamewa. Ranar da zan ba ku labari, da asibiti na fara. Ma'aikaciyar ta wanke yatsan ta naɗe, ta gwada jinina, ta ɗaure fuska.

“Baba, kana sha a ɓoye. In ka ci gaba, wannan yatsan ba naka ba ne.”

Na hau kilando, wato ɗan acaɓa, na nufi kasuwa da maganarta a kunnena. Na tarar Arɗo Buba ya iso da bijimai bakwai. Arɗo tun zamanin mahaifina a gidanmu yake sauka, kuma mutum ne da ba ya ɗauke ido daga fuskarka in kuna zaune. Mai saye kuwa Malam Ilu ne, mahauci daga unguwar Boutalbagar, wanda ban taɓa jin ko kaza ta yi ƙararsa ba. Aka yi tayi, Arɗo ya ce albarka sau uku, a na huɗu ya sallama biyar daga ciki. Halime mai shayi ta kawo buta, jan shayin nan nata da suga ya yi wa yawa har yana kama leɓe.

Arɗo ya shanye, Ilu ya shanye. Ni na riƙe nawa ina jiran Arɗo ya waiwaya, ya ƙi waiwayawa. Yatsan yana zugi a cikin takalmi. Wallahi a wannan lokacin ban tuna da wata al'ada ba, yatsana kawai nake tunani. Na sunkuya na ajiye finjalin a cike a kan faranti.

Arɗo ya dubi finjalin, ya dube ni, sannan ya gyara sandarsa a kafaɗa.

“Malam Ilu, ka yi haƙuri. Yanzu na tuna ƙanena yana da rabo a shanun nan. Sai na ji ta bakinsa.”

Kowa a rumfar ya san ba wani ƙane. Ilu ya miƙe ya karkaɗe rigarsa ya ce, “To, Allah ya sa haka ya fi alheri.” A nan ya kamata in ce ku tsaya, ba haka ba ne. Kalma biyu ta isa. Na yi shiru, kuma shirun nan shi ne babban laifina, ya fi ajiye finjalin.

Kafin la'asar magana ta zaga kasuwa. Aka ce ruwa ba ya tsami banza, tunda Sabo, ɗan gadon dillanci, ya ajiye finjali akwai abin da ya sani. Washegari Ilu ya taya wani sa a wurin wani dillali aka ce an riga an sayar, alhali san yana tsaye a turke. Kwana na uku haka, na huɗu haka. Tebur ɗinsa ya zama wayam, sai ɗan abin da ya samo a hannun wasu mahautan da tsada. Ni kuwa in na hango shi sai in bi ta bayan garke.

Rana ta biyar da hantsi Rabi ta ajiye mini kwanon wake da zogale, ta tsaya a kaina. Labari ya riga ya iso mata ta bakin matan unguwa.

“Malam, kai ka tsira da ƙafarka, shi Ilu ka yanke masa tasa. Ta ina abincin nan zai wuce maka?”

Bai wuce ba kuwa. Ina isa kasuwa aka ce Sarkin Dillalai, Alhaji Tanko, yana nemana. Ilu ne ya kai ƙara ta hannun Sarkin Fawa, kamar yadda tsari yake in mahauci yana da magana da dillali. Aka shimfiɗa tabarmi a babbar rumfa, Arɗo ma yana nan don bai koma daji ba. Ilu bai ɗaga murya ba.

“Ranka ya daɗe, ni ba faɗa na zo yi ba. A faɗa mini laifina kawai. In na ci amanar wani ban sani ba, in nemi gafara. In kuma ba ni da laifi, a wanke ni, ina da iyali.”

Alhaji Tanko ya juyo gare ni. “Sabo, me ka sani game da mutumin nan?”

“Alheri kawai, ranka ya daɗe.”

“To don me ka ajiye finjali?”

Sai na cire takalmi na miƙe ƙafar da naɗinta a tsakiyar tabarma, na zaro kwalin ƙwayoyi da katin asibiti daga aljihu na ajiye kusa da ita. Na ce suga gare ni, an hana ni zaƙi, tsoro ya sa na ɓoye, kuma na bar bawan Allah ya ɗauki kayan da ba nasa ba. Kunyar da na ji ran nan ban taɓa jin irinta ba.

Arɗo ne ya fara magana. “Kai Sabo! Saboda wannan? Ni na ɗauka mutumin ɓarawo ne, kwana huɗu ina gode maka a zuciyata!” Ya tashi da kansa ya kama hannun Ilu ya ba shi haƙuri, ya ce bijiman suna nan, ya je ya kwance.

Alhaji Tanko ya yi mini kaca-kaca a gaban jama'a, kuma na cancanta. Ya ce mutunci madara ne, in ya zube ba ya kwasuwa, ya sa na bi rumfa-rumfa da ƙafata ina faɗa da bakina cewa Ilu ba shi da laifi. Sannan ya kira Halime ya ce daga yau buta biyu za ta riƙa kawowa rumfata, ɗaya ba suga, kuma wanda ya sha daga kowacce ya sha. Aka zuba mini mai ɗacin, na shanye a gaban kowa. Arɗo ya ce a ɗanɗana masa, ya kurɓa, ya yamutsa fuska ya ce lallai wannan horo ne.

Abin da na ji tsoro bai faru ba. Baƙo ko ɗaya bai bar ni ba. Arɗo cewa ya yi zama ne ke kashe mu mutanen birni, shi da yake bin shanu tun yana yaro bai san wannan ciwo ba. Ko da gaskiyarsa ko babu, da yatsan ya warke na daina hawa kilando da safe, nake takowa daga gida. Wanda ya riƙa biyo mini kuwa Ilu ne. Da an idar da sallar asuba sai in ji sallamarsa a ƙofa, mu taka tare har kasuwa yana tsokanata wai tumbina ya fara gudu ya bar ni. In ya yanka, tsoka marar kitse yake ware mini. Fura da suga na bar ta, tuwo na rage, kifi da kuɓewa da ganye suka zama abokaina, ƙwayoyina ban fasa ba, duk wata kuma ina zuwa gwaji. Ba a yi wata uku ba wasu dillalai biyu, manya da su, suka fara raɓowa rumfata suna cewa a zuba musu daga butar Sabo. Ban tambaye su dalili ba.

Sai bayan shekara biyu na ji sauran labarin, a bakin Sarkin Fawa, muna hira kan wani abu dabam. Ashe akwai wani babban gidan abinci da Ilu ya daɗe yana kai wa nama kullum, shi ne ƙashin bayan sana'arsa. A kwanakin nan huɗu da ya rasa dabba suka koma wurin wani mahaucin, ba su dawo ba har yau. Duk tafiyar da muka yi tare, safiya bayan safiya, bai taɓa ambata mini ba.

Ban jira gobe ba, na same shi a tebur yana sara ƙashi. Na ce, “Malam Ilu, ashe haka na yi maka, ka yi shiru?”

Ya ajiye gatarin ya goge hannu a jikin riga. “Yaya Sabo, ƙafarka tana nan?”

“Tana nan.”

“Idonka fa?”

“Yana gani.”

“To kalas, shi ke nan. Da na faɗa maka, da kunya ta hana ka fitowa mu yi tafiyar. Ni kuma tafiyar nake so ka yi.”

Na tsaya a gaban tebur ɗin nan, dattijo da ni, hawaye yana zuba, masu sayen nama suna kallona.

Abin da nake so ku riƙe ke nan, ku da za ku gaje mu. A sana'ar nan idon mutane yana kan hannunku ko ba ku yi magana ba, kuma abin da kuka ɓoye don ku tsira, wani ne zai biya shi. In ciwo ya same ku, ku je asibiti, ku bi doka, ku faɗa wa abokan zamanku da bakinku. Ni na zaci kasuwa za ta yar da ni in ta san ba ni da lafiya, sai ga shi mutumin da na fi cuta a cikinta shi ya riƙe ni. Yau shekarata takwas da ciwon nan, da yatsuna goma cif nake shigowa kasuwa, kuma duk sallar da na yi sai na sa Malam Ilu a addu'a.