Mamuda da Kwamfutar da Ke Jan Ƙafa

Mamuda taubashina ne, uwata da ubansa ciki ɗaya, saboda haka duk abin da zan faɗa a kansa ina da iko. Ni ce Tasalla mai awara a bakin tashar 'yan acaɓa ta Roni, bangon shagonsa shi ne inuwata.

Tun yana yaro Mamuda bai taɓa yin sauri a komai ba, sai in an ce abinci ya sauka. An kai shi gona, kafin ya gama kunya ɗaya an tashi. An saya masa babur ya yi acaɓa, fasinja ya sauka a hanyar Gwiwa ya ce gara ya taka da ƙafa. Ya gwada awon gyaɗa, masu saye suka gaji da tsayuwa. Uwarsa kan ce haƙuri gare shi. Mu dai mun san sunan abin.

Wata shekara wani ofishi a Kazaure ya yi gwanjon tarkace, Mamuda ya dawo da tsohuwar kwamfuta a bayan mashin, ya rungume ta kamar jaririya. Wani ya zuba masa gem a ciki, irin na faɗa, mutum biyu a allo suna naushi da shuri. Ya sayo hannun wasa biyu da ɗan janareta, ya buɗe shago. 'Yan acaɓa suka samu wurin fakewa in rana ta take.

To, kwamfutar nan ta gaji da duniya. In ɗan dambe ya ɗaga hannu a allo, sai ka je ka sha ruwa ka dawo naushin bai sauka ba. Kiɗan ma ja yake yi kamar rediyon da batirinsa ya mutu. Su samarin, masu zafin hannu, sai su yi ta danne-danne babu lissafi. Shi kuwa gogan, an zo gidansu. Yana zaune yana kallon naushi tun daga nesa, ya kauce a tsanake, ya rama a tsanake. Wallahi duk Roni aka rasa mai kayar da shi.

Kai, zo ka ga ɗagawa! Mutumin da ko kaza ba ya iya kamawa ya koma Gagarabadau. Ya sa aka rubuta sunan a ƙofar shago da jan fenti. Tafiyarsa ta sake. In ya zo sayen awara sai ya miƙo min yatsunsa ya ce, "Baiwata, duba hannun da ya gagari maza."

Nakan ce, "Bawana, hannun da ya gagari fartanya dai."

Ana nan sai ga Halliru, wani ɗan Babura mai sayar da wayoyi, wanda ya saba buga irin wannan gem a Kano. Ya ji labari, ya zo gwadawa. Mamuda ya lallasa shi. Halliru ya ajiye hannun wasa ya yi dariya.

Ya ce, "Malam Mamuda, ai wannan ba wasa ba ne, jinya ce. Injinka ne ke jan ƙafa. A gudunsa na gaskiya ko numfashi ba za ka yi ba."

Mai hankali da sai ya yi shiru, ya bar kaza cikin gashinta. Amma ina! Mamuda ya miƙe a gaban jama'a ya rantse sai ya gyara injin, Halliru ya dawo ranar kasuwa, a ga wanda zai fake da uzuri. Shi har zuciyarsa ya yarda gwani ne. Abin da ya fi ba ni haushi ke nan.

Ya ɗauko Silvanus daga Kazaure, mai gyaran kwamfuta, haifaffen can ne, Hausarsa ta fi ta Mamuda. Na bar kaskona na leƙa. Da ya kwance murfin, sai ga gidan zanzaro a manne da fankar ciki, ko juyawa ba ta yi.

Silvanus ya ce, "Oga Mamuda, waɗannan wasanni ba don kwamfuta aka yi su ba. Na wasu manyan injina ne da ake jefa wa kwabo. Ita kwaikwayonsu take yi, shi ya sa take nishi. Sai mun rage mata kaya."

Ya kakkaɓe fankar, ya ƙara mata ƙwaƙwalwa, ya cire manhajar da ke ciki ya sa wata tsohuwa marar nauyi. Ya kashe ƙyale-ƙyalen hoto, ya saita ta ta riƙa tsallake wasu hotuna in ta ji wuya. Da ya kunna, kiɗa ya miƙe, 'yan damben suka hau tsalle kamar an watsa musu ruwan zafi. 'Yan acaɓa suka ɗau sowa. Na kalli Mamuda, na ga ya ƙura wa allo ido.

Ranar kasuwa shago ya cika har bakin kaskona. Halliru ya zauna, Mamuda ya gyara hula. Kafin ya gama neman inda zai danna, ɗan dambensa yana ƙasa. Aka sake, haka. Aka kuma sakewa, ko taɓa abokin karawarsa bai yi ba. Halliru ya tashi ya ce a gai da gida.

Da a nan abin ya tsaya da sauƙi. Sai samarin tasha, waɗanda ya shekara yana yi wa dariya, suka hau layi. Kowa ya zauna sai ya ci Mamuda. Har Sama'ilu mai faci, wanda bai san gaban gem da bayansa ba, ya rufe ido ya yi ta danna, ya ci. Na yi dariya har awarata ta ƙone.

Amma fa kasuwa ta buɗe masa. Gem ya yi daɗi, ana zuwa daga Gwiwa, benci ba ya hutawa. Karo na farko a rayuwarsa Mamuda ya riƙe sana'ar da ke ci da shi. Abin da ake nema a gare shi kawai ya zauna a bakin ƙofa ya bar masu iyawa su buga.

Ya kasa. Bayan 'yan makonni ya sake kiran Silvanus, ya ja shi gefe, ya manta bangon langa-langa ne.

"Ka mayar min da ita yadda take."

Silvanus ya ce, "Oga, a rage mata gudu? Mutanenka za su watse fa."

"Ni dai ka mayar."

Na ɗaga murya na ce, "Bawana, ka ji tsoron Allah, abincinka ne!" Ya yi kamar da bango nake.

Aka mayar. Wanda ya ɗanɗana gudu kuwa ba ya komawa rarrafe. 'Yan acaɓa suka leƙa, suka yi tsaki, suka koma ƙarƙashin darbejiya suna buga lido. Ba a daɗe ba wani ya buɗe nasa shagon a bakin kasuwa, ya kwashe sauran.

Shekaranjiya da azahar na shiga karɓo kwanona. Janareta na ci, shago babu kowa. Mamuda na zaune da hannun wasa ɗaya, ɗayan yana ajiye a kan benci. A allo ɗan dambensa yana dukan wani da ke tsaye ƙiƙam, don babu mai tuƙa shi. A hankali naushin ya tafi, a hankali mutumin ya faɗi.

Ya juyo fuskarsa cike da murna ya ce, "Tasalla, kin gani ko?"

Na buɗe baki, baƙar magana tana kan harshena, sai tausayinsa ya kama ni. Na ce, "Na gani, Mamuda." Na ɗauki kwanona na fita.