Gefen Mata a Kaset ɗin Usta Nasidi

Usta Nasidi ɗan Hadi mai gyaran rediyo ne a Umbadda, yammacin Omdurman, inda ake kiran gwanin sana'a Usta. Kakansa ya taso daga ƙasar Haɗeja a ƙasa da niyyar aikin hajji. Da ya sauke farali, a hanyar komawa ya tsaya noman auduga a Jazira, zaman shekara ɗaya ya zama na har abada. Shi Nasidi a Omdurman aka haife shi, a ƙarshen shekarun 1940, kuma danginsa sun saɓa a kan ainihin shekarar. Karatunsa na boko bai wuce aji huɗu ba. Rumfarsa tana gefen kasuwa, tebur ɗaya ne da kujera mai ƙafa uku, ga matattun rediyoyi jibge waɗanda yake cirar kayan gyara daga cikinsu. Mutum ne mai ƙarancin magana, shi ya sa har yau ake mamakin yadda aka yi muryarsa ta zama wadda aka fi sani a gidajen Hausawan birnin.

Bayan juyin mulkin soja na 1989 an rufe jaridu masu zaman kansu, taro kuma ya zama sai da izini. Ko kafin nan ma jaridun birni ba su cika ɗaukar labarin Hausawan Umbadda ko Alhilla Kuku ko Jabal Awliya ba. Labarinsu a baki yake yawo, a masallaci da gidan biki da ɗakin ƙungiyar unguwa. Da aka garƙame ɗakin ƙungiyar, zirga-zirga kuma ta yi wuya, sai ya zamana mutum ya rasu a hayin kogi, danginsa na wannan hayin ba su ji ba har a tashi makoki. Takarda ba za ta yi magani ba, domin Hausarsu ta baka ce, ƙalilan ne ke iya karanta ta.

A shekarar 1990 Nasidi ya fara ɗaukar labarin mako a kaset. Kowace Alhamis da safe yakan faɗi wanda aka haifa wa da ranar suna, da wanda ke kwance a asibiti, da wanda ya dawo daga tafiya, da wanda Allah ya karɓi ransa. Kaset uku gare shi kacal. Ɗaya yana zagaya gidajen Umbadda, ɗaya wani direban motar haya yake kaiwa Alhilla Kuku, na ukun kuwa Sakinatu ce ke ɗauka, wata mata mai kawo kifi daga Jabal Awliya kowace Laraba, ta kwana a gidan ƙanwarta, ta koma da sabo ranar Alhamis.

Ƙa'idojinsa sanannu ne. Ba ya saka labari sai mutum biyu sun tabbatar masa. Ba ya ambaton hukuma, da yabo ko da suka. Kuma ya yi wa dattawan unguwa alkawari cewa duk kaset ɗin da ya dawo za a shafe shi kafin a ɗora sabon labari, ba za a ajiye ko ɗaya ba. Wannan alkawari ya ƙara nauyi a tsakiyar shekarun 1990, lokacin da ake tare motoci da kasuwanni ana kwasar samari zuwa aikin soja na dole. Iyaye da yawa sun tura 'ya'yansu gidajen dangi na nesa, kuma ta kaset ɗin suke jin lafiyarsu.

Sai dai Nasidi gefe ɗaya na kaset ɗin kawai yake cikawa. Ɗaya gefen na matarsa ne, Amatullahi, wadda mata ke kira Hajja Amatu. Ita ce ke shiga gida gida, ta san mai cikin da ke laulayi da wadda tukunyarta ta kwana biyu ba ta hau wuta ba, da ɗan wance da ke ɓoye a gidan wance. Tun ranar farko ta gindaya masa sharaɗi.

"Usta, ka haɗa wayoyinka ka fita."

"To ba ni ne mai gidan ba?"

"Kai ne, Allah ya bar mana kai. Amma wannan gefen ba gidanka ba ne. Mata ba za su ba ni cikinsu ba in sun san maza na ji. Ka yi mini alkawari."

Ya yi mata. Haka al'adar ta zauna a ko'ina: idan gefen Usta ya ƙare, sai maigida ya miƙa rikoda cikin gida, ya koma waje. Shi kansa Nasidi, in zai kwafi gefenta zuwa sauran kaset biyun, sai ya rage murya gaba ɗaya, ya zuba wa allurar rikodar ido tana rawa. Shekara shida abin da ya sani game da gefen matarsa shi ne ana dariya idan an saka shi.

Wata Litinin a bazarar 1996 Amatullahi ta yanke jiki ta faɗi tana gashin kisira, gurasar dawa da ake ci a ƙasar. Kafin a isa asibiti rai ya yi halinsa. Aka rufe ta da la'asar, aka kafa rumfar makoki ta maza a ƙofar gida, jikin katanga, mata kuma suka cika tsakar gida.

Kaset biyu sun dawo ranar Talata. Bayan sallar asubar Laraba Nasidi ya shiga ɗaki ya shafe su, kamar yadda ya saba. 'Yarsa Ni'mat, malamar firamare, ta same shi yana mayar da na biyun cikin kwalinsa. Ta gane abin da ya faru, ta kuma gane cewa saura ɗaya ke nan a duniya mai ɗauke da muryar mahaifiyarta, wanda ke hannun Sakinatu.

"Yaba, na Jabal kada ka shafe. Ko hotonta ba mu da shi sai na katin shaida."

"Sunayen 'ya'yan mutane na ciki, Ni'mat. In ya kwana a gidan nan, wata rana wani zai same shi."

"To ka yanke inda sunayen suke. Ai aikinka ne."

"Sai na saurara zan san inda zan yanke."

"Ka saurara mana, Yaba. Sau ɗaya, khalas."

Ya daɗe yana juya kwalin a hannunsa. "Ta hana ni tana da rai," in ji shi. "Don ta kwanta dama sai in leƙa?"

Ni'mat ta koma cikin mata. Shi kuma ya fita rumfa ya zauna a shimfiɗarsa, yana amsa gaisuwa, alhali ya san gobe da hannunsa zai share muryar da bai taɓa ji a kaset ba.

Da hantsi Sakinatu ta iso da kwandon kifinta a ka. Labari bai kai Jabal Awliya ba, domin mai kai labarin ita ce. Da ta hango rumfar sai ta sauke kwandon a tsakiyar hanya, ta tsaya. Wata maƙwabciya ta kama hannunta ta shigar da ita. An ji kukanta daga waje, daga baya aka ji shiru, sannan aka ga Ni'mat ta ja ta gefe suna magana.

Bayan azahar, da aka ci abinci zafi ya kori jama'a, rumfar ta rage daga Nasidi sai wani tsoho abokin mahaifinsa, Malam Salih. Sakinatu ta leƙo daga ƙofa.

"Usta, Allah ya jiƙan Hajja, ya ba ka haƙuri. Kaset ɗinka na wurina. Sai gobe kake buƙatarsa, ko?"

"Sai gobe."

"To ara mana rikoda. Akwai matan da ba su ji na wannan makon ba."

"Ki ɗauka. Ku shiga da ita can ƙuryar ɗaki."

"Kai da wayoyi aka san ka, Usta. Inda za a ajiye kaya a cikin gida, wannan namu ne. Kuma mai makoki ba ya barin shimfiɗarsa, kada baƙo ya zo ya tarar ba kowa."

Sakinatu ta riga ta ji kaset ɗin sau uku a Jabal, ta san kowace gaɓa tasa. Ta ɗora rikodar a kan turmi a gindin katanga, daidai bayan rumfar, ta ƙure murya. Sallamar Amatullahi ta tsallako katangar, a sake, da 'yar gyaran murya da takan yi kafin ta fara zance. Nasidi ya yunƙura zai tashi. Malam Salih ya dafa masa gwiwa.

"Zauna, ɗana. Ba kai ka kunna ba. Ni kuwa kunnena ya daɗe da yin ritaya."

Da aka zo wurin sunayen samarin da ke ɓoye, Sakinatu ta rage murya har ta ɓace, ba abin da ake ji sai kukan kurciya. Can sai ta sake tasowa.

"Usta yana can waje yana gadin ƙofa, sai ka ce taskar gwal aka ba shi," in ji Amatullahi. "Shekara shida, wallahi, bai taɓa kasa kunne ba. Na gwada shi, na kira sunansa a nan ciki sau nawa, shiru. Ku sa shi a addu'a, gwiwarsa na damunsa, kuma ba zai faɗa wa kowa ba. To, mu koma kan maganar sunan gidan Khadiga."

Matan suka yi dariya, dariyar ta gangara ta zama kuka. Nasidi bai motsa ba har rikodar ta kai ƙarshe ta kashe kanta. Malam Salih ya miƙo masa butar ruwa, ya kau da kai yana jan carbinsa.

Kaset ɗin Alhamis ya ci gaba da fita har farkon shekarun 2000, lokacin da wayar hannu ta yaɗu a unguwanni. Ko kwafi ɗaya bai tsira ba, kuma duk abin da aka sani game da shi daga bakin waɗanda suka saurare shi ne.

A wannan Alhamis ɗin dai Nasidi ya karɓi kaset ɗin daga hannun Sakinatu, ya juya shi gefen mata, ya danna jan maɓalli don ya shafe shi, ya zauna har zaren ya ƙare. Sannan ya ɗauki nasa gefen, ya faɗi rasuwar Amatullahi 'yar Nasrullahi a jerin rasuwar mako, bayan ta wani dattijon Alhilla Kuku da ya riga ta da kwana ɗaya. Da ya gama ya kira Ni'mat, ya miƙa mata rikodar ta cika gefen mata a madadin mahaifiyarta.

"Yaba, Hausata ba ta kai ta Yumma ba. Rabi Larabci ce."

"Fara kawai," in ji shi. "Za su gyara miki. Ai ba sa raga wa kowa."