Sabon Tabarau, Tsohon Faranti

A gidan cin abinci, dattijon da ke teburin bakin taga ya daina tauna. Mai kawo abinci tana kallonsa daga nesa. Ba ta san sunansa ba, farantinsa ta sani: shinkafa da gasasshiyar kaza da ganye. Kullum shi yake nuna mata da yatsa, domin a duk takardar abincin shi ne mai ƙaramin adadin kalori, wato ma'aunin abin da ke sa ƙiba.

Rigarsa ta sha guga, maɓallin saitin tumbi yana neman tsinkewa, ga ƙwayar maganin suga ya ajiye kusa da kofi. Yau da sabon tabarau ya zo, sai taɓa shi yake yi. Da shi ya hango ɗan mitsitsin rubutun da ke ƙarƙashin adadin.

"'Yata," ya kira ta ƙasa-ƙasa, "mene ne kuma 'a kowane kaso'?"

"Lissafin kaso ɗaya ke nan, Baba. Farantin kaso uku ne."

Ya dubi farantin kamar wanda ya tsinci hannun amininsa a aljihunsa. Wataƙila a gida akwai matar da ta hana shi maiƙo, akwai likitan da ya rantse wa yana kiyayewa, kuma a iya saninsa bai yi ƙarya ba.

Yanzu yana raba shinkafar gida uku da gefen cokali. Ya ƙura wa kaso ɗaya ido.

"Ashe abincin mutum uku nake ci," in ji shi, "ina shan maganin mutum ɗaya."