Kawu Sawai da Motar Masu Wankin Ƙoda

Kafin sufayen addinin Buddha su fito karɓar sadakar safe, Kawu Sawai ya riga ya goge bencin bayan a-kori-kurarsa, ya ninke barguna. Sai ya bi gida-gida a ƙauyenmu yana ɗaukar masu wankin ƙoda zuwa asibitin lardi. Wankin kyauta ne da katin gwamnati. Zuwan ne aka bar wa kowa, tun da aka soke bas ɗinmu.

Shi ba ya yarda da magana don an faɗe ta da lasifika. Bara, gab da zaɓe, aka taru a farfajiyar haikali ana musu: a ƙara wa asibiti injuna, ko a dawo da bas. Wani ɗan takara ya raba gardama da sabuwar mota mai sanyi, hotonsa a jikinta. Aka yi ta tafi. Kawu ya zagaya, ya duƙa ya duba lamba.

"Jar lamba ce, ta wucin gadi daga wurin dila," ya ce. "Da sunan wa za a yi mata rajista?"

"Hassada ce ke cinka, ƙanena," in ji Kaka Thongbai, wadda ta fi kowa daɗewa a motarsa. "Gwangwaninka ya gama karya mini ƙugu."

Duk suka koma sabuwa. Shi kuwa bai daina fita ba, yana bin bayansu da mota wayam. Aka ce ɗan leƙen asirin ɗayan ɗan takarar ne. Masu shago suka daina gaishe shi.

Bayan zaɓe, wata safiya sabuwar motar ba ta zo ba. Kaka Thongbai na bakin titi, ƙafafu a kumbure, numfashi sama-sama. Kawu ya tsaya, ya ɗaga ta da kansa.

"Sannu, Yaya. Riƙe ƙugun da kyau."

Kawu, kai ne ka yarda a zarge ka don kada wani ya rasa wanki. Mun gode, kuma mun ji kunya.

Yanzu idonsa ya yi rauni, likita ya hana shi tuƙi daga ƙarshen watan nan. An sake yi mana alkawarin bas, amma ba a faɗi rana ba. Ku masu lasisi a garin nan, ku je ku same shi, zai nuna muku gidajen. Ranar ɗaya ga wata Kaka Thongbai tana da wanki.