Shekaru Biyun da Baba Ya Ɓoye Mini

Shekarun baya, babu abin da nake so a duniya kamar in zauna a gaban babbar mota. Ƙaramar motar wani ɗan kasuwa nake tuƙawa a Kafanchan lokacin, amma hankalina ba ya cikinta. Idan motar citta ta wuce ni a hanyar Kagoro, sai in bi bayanta a hankali ina shaƙar ƙamshi, ina ganin kaina can sama, gwiwar hannu a taga, dutse da gajimare daidai fuskata. Ko a majami'a, ana wa'azi ni ina canja giya a zuci. Allah dai ya gafarta mini.

Ana nan sai kawuna, mai kai citta kudu, ya sayi babbar mota, ya ce in na mayar da lasisina na manyan motoci kafin kaka, ni zan ja ta. Ban yi wasa ba. Na koma makarantar tuƙi na koyi yin baya da madubi kaɗai, likita ya duba idona, lasisin ƙaramar mota kuma ya daɗe a hannuna yadda ake buƙata. Na goge takalmi na nufi ofishin lasisi kamar ango.

Matar da ke karɓar takardu ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana gyaɗa kai, sai ta tsaya.

"Ɗan'uwa, shekarunka bai kai ba. Saura biyu."

Na yi dariya, na ce na kai har na gota, ga gemu ma shaida.

"Gemu ba ya shiga kwamfuta," in ji ta. "Abin da takarda ya ce, shi ne muna bi."

Nan na tuna. Lokacin da zan shiga sakandare, mahaifina ya je kotu ya yi mini takardar shaidar haihuwa, ya yanke shekara biyu, kamar yadda abokan aikinsa na reluwe da yawa suka yi wa 'ya'yansu. Duk takarduna daga baya wannan suka bi. Na san da zancen, ban dai taɓa ɗaukarsa a bakin komai ba.

Na iske Baba a gindin mangwaro, na zazzage masa abin da ke cikina. Ya bari na gama.

"Ni gata na yi maka," ya ce. "Na ce in ka samu aikin gwamnati, ba za su yi maka ritaya da sauri kamar ni ba. Shekara biyu na ɓoye maka, ka ci a gaba. Ina na san mota za ka bi?"

Citta ba ta jira, kawu ya ɗauki wani direba. Ranar da motar ta tashi da kayan farko, na shige ɗaki na rufe ƙofa. Na ji zafi ƙwarai, sati guda gaisuwa kaɗai ke haɗa ni da Baba.

Bayan 'yan watanni ƙafafunsa suka fara kumbura. Tunda ina gari, ni nake kai shi asibiti, maigidana yana ara mini mota. In mun fito sai ya ce, "Kada mu je gida tukuna." Mu tsaya a bakin tashar jirgi, ya lumshe ido yana lissafa mini tashoshi ɗaya bayan ɗaya, yana gaya mini inda jirgi ke nishi a hawa da inda mata ke miƙo ayaba ta taga. Layin dogo shiru, ciyawa ta rufe shi, amma wani lokaci har nakan ji kamar ƙasa tana rawa a ƙarƙashinmu. Haka muka yi ta yi, rani da damina.

A damina ta biyu ya rasu, saura wata uku takarda ta yarda na girma.

Yau babbar mota nake tuƙawa, in na ɗau kaya sai in yi sati biyu ban ga gida ba. Da na samu lasisin nan a karon farko, da a waya zan riƙa jin jikinsa. Aikin gwamnati ban taɓa yi ba, babu mai yi mini ritaya. Amma shekaru biyun da ya ɓoye mini ba su ɓata ba. Na cinye su tas, yana zaune a kujerar gefena.