Inna Ta Ce Kiranye Ne

Shekara biyu na yi ina koyar da 'yan mata a lakwal, wato makarantar boko, ta Matameye. Ni ce mace ta farko a unguwarmu da ta yi karatun boko har ta riƙe alli, kuma Inna, mahaifiyata, ba ta gajiya da faɗa wa mutane haka a bakin rijiya.

Ta san ina zuwa addu'ar masu bin Yesu ranar Lahadi. Mu bakwai ne, a zauren wata dattijuwa ungozoma. Inna ta ɗauke shi ɗaya daga cikin halayen 'yan boko, kamar sa takalmi a cikin gida, ta kau da kai.

Bayan an cire gyaɗa, dattijuwar ta ba mu labarin masuntan da suka bar tarunsu a bakin ruwa suka bi shi. Daga nan ta ce akwai wani sansanin kutare can kudu, ba su da mace mai wanke wa mata gyambo. Ba ni ta kalla ba. Amma washegari ina rubutu a allo na manta abin da nake rubutawa, na tsaya da alli a hannu, har yara suka yi ta dariya. Sati uku ina roƙon Allah ya ɗauke min wannan abu. Bai ɗauke ba. Na kai wa shugaban lakwal takardar barin aiki, ya karanta sau biyu, ya tambaye ni ko aure zan yi.

Inna na tankaɗe na faɗa mata an kira ni. Ta tambaya ko kumandan mai mulkin yankinmu ne ya kira ni. Da na yi bayani sai ta ajiye rariya a hankali, ta ce ta gane, kiranye aka yi min. Haka aka yi wa wani ƙanen ubanta a Yauri: yana cikin noma ya jefar da hauya ya miƙe gabas, bai yi wa kowa sallama ba.

Ta aika wa Kawu, yayanta. Aka kawo rubutu, aka turara ni da hayaƙi har idona ya yi ja. Ban yi gardama ba, don ni ma tsoro nake ji. Abin da ta kwatanta ya yi kama da nawa ƙwarai: ba na cin abinci, zuciyata na can wurin da ban taɓa gani ba.

Abu ɗaya na riƙe, wanda aka yi wa kiranye ba ya sallama. Don haka na bi dangi gida gida ina ban kwana, da hankalina, ina kiran kowa da sunansa.

Ranar tafiya da hantsi na durƙusa a ƙofar ɗakinta.

"Inna, na zo sallama. Ba wanda ya yi min komai. Ni na yarda."



"Kar ki ƙara faɗar haka," ta ce. "Ki bar ni da kiranyen."

Sai a cikin mota na gane. Idan asiri ne, 'yarta ba ta guje ta ba, sace ta aka yi, kuma asiri yana karyewa. Ni kuwa na je na ƙwace mata wannan don in kwantar da hankalin kaina.

Wata huɗu ke nan ina nan sansanin kutaren. Na rubuta mata sau uku, Kawu ne ke kaiwa a karanta mata. Amsa ɗaya ta zo, wai tana nan tana neman magani.